Ranar da Sista Ta Rufe Ƙofa

A asibitinmu, ɓangaren masu karɓar maganin ƙanjamau, akwai wani dogon benci da ke fuskantar ofishin Sista. A kan bencin nan na koyi cewa idan kina son sanin sakamakon gwaji, kada ki wahalar da kanki da kallon fuskar Sista. Fuskarta kullum ɗaya ce. Ƙofarta ake kallo.

Anti Rediyo ce ta koya mini. Tsohuwar malamar makaranta ce, kuma ta fi kowa daɗewa a bencin, tun zamanin da ake shan ƙwayoyi cike da tafin hannu safe da yamma, ba guda ɗaya a rana irin na yanzu ba. Sunan kuwa ba zaluntarta aka yi ba. Tun daga bakin get za ki jiyo muryarta.

"Matso nan, ƙanwata," ta ce da ni ranar da na fara zuwa da ƙaramin ciki, ina ta jan mayafi ina rufe fuska kamar wadda ta yi sata. "Buɗe fuskar nan, duk wanda kika gani a nan abin da ya kawo ki shi ya kawo shi. Yanzu ki saurara. In labari mai daɗi ne, Sista ba ta da lokacinki. A tsaye za ta faɗa miki, ƙofa a buɗe, tana faɗa tana kiran na bayanki. In ta tura ƙofa, a fara addu'a. In ta ce ki zauna, an yi nisa. In kuwa ta cire tabarau..." Sai ta tafa hannu ta watsa. "Shi ke nan."

Ba surutu kawai ba ne, 'yan benci har tsarin aiki gare su. Da zarar ƙofa ta rufu, kowa ya san abin yinsa. Wani direban babbar mota, in ranar zuwansa ce, shi ke tashi ya sayo ruwan sanyi. Anti Rediyo ta kira wanda ya kamata a kira a gidan mutum, in dai wanda ya riga ya san halin da ake ciki ne. Maman Lauya kuma ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Ita mace ce marar yawan magana. Ɗanta da ƙwayar cutar aka haife shi, tun kafin a fara ba masu ciki magani, ga shi yau ƙato guda yana karatun lauya. Shi ya sa ita ake turawa ta tarbi duk wadda ta fito tana kuka, domin ba ta buƙatar dogon wa'azi. Hoton ɗanta kawai take nunawa a waya.

Ni a gidan mai nake aiki, ina bakin famfo tun safe, ina faɗa da masu babur da ke rantsuwa cewa litarmu ba ta cika. A awon ciki aka gano ina da HIV. Masu son sanin inda na samo kuwa su fara gaya mini wanda ya shafa musu murar bara. Maigidana, mai gyaran firji, an gwada shi ba shi da ita, har yau kuma ba shi da ita. Tun da na riƙe maganina da kyau ƙwayar ta kwanta har ba a ganinta a jini, kuma Sista ta ce wadda ba a gani ba ta tsallakawa ga miji. Na yi ƙiba, na yi kyau, har manajanmu yana tambayar wane abinci nake ci.

Sai dai zancen yarinya daban ne. An gwada ta tana jaririya, babu komai. An sake, babu komai. Amma Sista ta ce muddin ana shayarwa, haɗarin kaɗan ne ƙwarai amma ba a rantsewa, sai an yaye ta an jira, sannan a yi gwaji na ƙarshe. Wannan gwajin ne ya hana ni sakat.

Tarakta muke kiranta. Babanta ne ya sa mata, domin ba ta san kewaye abu ba. Kujera ce, bokiti ne, ƙafar baƙo ce, ta kai take bi. Ba ta koyi tafiya ba, gudu ta fara da shi. Duk wanda ya gan ta sai ya ce wannan ai lafiya har ta yi mata yawa. Ni kuwa in na dube ta sai in tuna lokacin da nonona ya tsage har da ɗan jini. Na garzaya wurin Sista a ranar, ta ba ni magani ta ce in koma ɗaya ɓangaren har ya warke, kuma haka na yi. Amma abin ya zauna mini a rai. Ban taɓa gaya wa Maigida ba.

Kuma in faɗi gaskiya, ba ciwon kaɗai nake tsoro ba, har da fuskarsa. Mutumin nan bai taɓa gaya mini baƙar magana a kan lalurata ba, ko da wasa, ko a tsakiyar faɗa. Amma ni babba ce, ya gan ni ya ce ya ji ya gani. In aka ce 'yarsa fa, kuma daga jikina? Ban san irin kallon da zai yi mini ba, kuma ba na son in sani.

Ranar gwajin da safe na shirya, na shirya Tarakta, sai na ga mutum yana ɗaura jakar kayan aiki a bayan babur.

"Ina kuma za ka?"

"Babban firjin mai kifin nan ne ya tsaya tun asuba. In ban je ba duk kayansa za su lalace."

"Oho. Kifi."

"Maman Tarakta, shagon nan bayan asibitin yake. Kina kirana kin gan ni."

"A'a, je ka. Allah ya ba kifi lafiya."

Na san kifin gaskiya ne, amma na san kuma ba shi ne dalili ba. Mutumin da ke sa hannu cikin wayar lantarki yana fito, in ya ga allura sai gwiwarsa ta saki. Ranar da aka gwada shi sai da aka yi masa fifita da kwalin magani. Ya tsaya yana ta gyara igiyar da ta riga ta ɗauru, ya ƙi haɗa ido da ni. Na goya 'yata na wuce, ko sallama ban yi masa ba.

A ɗakin gwaji aka tsira mata ɗan tsinke a yatsa. Ko a jikinta. Ni ce na runtse ido. Mai gwajin ya ce mu jira a benci, zai kai wa Sista sakamako.

Benci a cike yake ranar. Anti Rediyo na tsakiya tana ba da labarin yadda ta kori wani mai maganin ƙarya da ya ce ta ajiye ƙwayoyinta zai warkar da ita da ruwan kwalba. Direba na nan, Maman Lauya na nan da jakarta a cinya. Kowa ya san abin da ya kawo ni.

"Yau za a sallami madugu ke nan," in ji Direba, yana nuna Tarakta.

"In sha Allahu," na ce.

Ina sauke Tarakta ta cika wandonta da iska. Ta bi dogon barandar nan a guje, ta faɗa ɗakin ba da magani ta ƙarƙashin kanta, aka miƙo mini ita ta sama. Ban gama gyara zani ba ta kifar da bokitin mai goge-goge. Na ba da haƙuri, na kamo ta, ta zille ta shige tsakanin ƙafafun wani likita da ke tafe da ɗalibansa. Sista da kanta ta fito ta ɗauko ta a hammata ta dire mini ita, ta koma.

"Wannan 'yar taki ko a filin ƙwallo sai an ba ta jan kati," in ji Anti Rediyo.

Aka yi dariya, har da ni. Sai na hango mai gwaji ya shiga ofis da takarda ya fito, na daina dariya.

"Maman Tarakta," Sista ta kira. "Shigo da ita."

Na shiga. Ban gama shiga ba Sista ta sa dunduniya ta tura ƙofa. Ba turawa kaɗai ba, har sakata ta sa. Duk zamana a bencin nan ban taɓa jin an ambaci sakata ba. 

"Zauna."

Na zauna. Ina ta roƙo a zuci, ya Allah ban da tabarau, ya Allah ban da tabarau. Sista ta dubi Tarakta, ta sa hannu ta zare tabaraun, ta miƙa ta ɗora shi can saman kabad.

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Ba irin na hawaye shiru ba, irin wanda ake ji har a baranda. Na ƙanƙame yarinyar ina cewa ta yafe mini, ita kuwa tana ta mutsu-mutsu tana son sauka.

"Ke, lafiya?" in ji Sista. "Me aka yi miki?"

"Faɗa mini kawai, Sista. Na riga na gani."

"Kin ga me? Takardar ma a kife take."

"Kin rufe ƙofa."

"To?"

"Kin ce in zauna. Kin cire tabarau."

Ta tsaya tana kallona kamar na yi mata wani yare. Sannan ta dubi ƙofar, ta dubi saman kabad, ta sake dubana.

"Baiwar Allah, na rufe ƙofa ne don kada 'yarki ta fita ta rushe mana asibiti. Na ce ki zauna don ki riƙe ta a cinya, kafin ta tsinke mini wayar sikeli. Tabarau kuwa ɗazu da na ɗauko ta saura kaɗan ta karya mini shi, kuma shi kaɗai gare ni." Ta juya takardar ta tura gabana. "Yarinya ba ta da komai. Ta fita fes. Na sallame ta, kuma don Allah kada ki sake kawo mini ita sai dai riga-kafi."

"Sake faɗa."

"Ba ta da shi."

"Sista, ki rantse."

"Ni ba a sa ni rantsuwa a ofishina. Ga takarda, kin iya karatu."

Na karanta. Na sake karantawa da yatsa. Sai kukan ya dawo, ya fi na farko ƙarfi, wannan karon haɗe da dariya da shessheƙa, har numfashina yana sarƙewa. Sista ta miƙo mini audugar goge fuska ta bar ni na yi mai isata. Da na ɗan lafa ta tambaye ni zancen ƙofa, na zayyana mata duk karatun Anti Rediyo, tun daga turawa har zuwa tabarau.

"Wato shekara da shekaru kuna zaune kuna duba mini ƙofa kamar 'yan duba," ta ce. Sai na ga gefen bakinta ya motsa. "Abin haushin ma, yawanci kuna daidai."

Ba ta sake ni nan take ba. Sai da ta auna Tarakta, ta duba mata baki da kunne, ta kuma ja mini kunne cewa sallamar 'ya ba sallamar uwa ba ce, in ci gaba da shan maganina a kan lokaci kamar yadda na saba. Ina ta cewa to, to, ina share hanci. Sam na manta cewa a waje akwai mutanen da suka ga ƙofa ta rufu, suka ji ƙarar sakata, suka kuma ji kukana har kashi biyu.

Ina fitowa na tarar da benci a tsaye. Idona ya kumbura, muryata ta dishe. Maman Lauya ta rungume ni tun kafin in buɗe baki, tana bubbuga bayana, wayarta a hannu da hoton ɗanta a shirye. Direba ya miƙo ruwan sanyi yana kallon ƙasa.

"Ku tsaya," na ce, "ai..." Shessheƙa ta katse ni.

"Kada ki ce komai, ƙanwata," in ji Anti Rediyo. "Sha ruwa tukuna. Na kira shi, yana hanya."

"Kin kira wa?"

Amsar ta riga ta shigo baranda a guje. Maigida ne, rigar aiki duk maiƙo, filaya a aljihun gaba, yana ƙarnin kifi tun daga nesa. Ya san zancen ƙofa sarai, ni na sha ba shi labari muna dariya. Anti Rediyo kuwa lambarsa na wurinta tun da ya gyara mata firji. Abin da ta ce masa kawai shi ne an rufe ƙofa, har da sakata.

Ya tsaya a gabana yana haki. Ya dubi idona. Ga shi nan, kallon da na daɗe ina tsoro, ya zo. Na ɗaga kai na tsaya in gan shi.

Ya karɓi Tarakta daga hannuna ya ɗora a kafaɗa, ɗaya hannun kuma ya kamo nawa, a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba.

"Saurare ni," ya ce. "Kada ki yi magana, bari in gama, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Ba komai. Kin ji? Ba komai. Mun iya abin nan. Ke ba ga ki ba? Kina shan maganinki, kin fi ni lafiya, kin fi ni baki. Ita ma za ta sha. Ni zan riƙa ba ta da kaina, safe ne ko yamma, duk yadda suka ce. In ta tofar in sake ba ta. In tana da ɗaci in nemo abin da za a haɗa."

Na buɗe baki. Anti Rediyo ta harare ni, wai in bar mutum ya yi magana. Na rufe. Kuma wallahi ba don hararar ba ne. So nake in ji ƙarshen maganar.

"Kuma duk ranar asibiti ni zan kawo ta," ya ci gaba. "In za a yi mata allura ni zan riƙe ta. In na faɗi a ɗaga ni. Yau ma da ban bar ki ke kaɗai ba, tsoro ne ya kai ni wurin kifi, kin sani na sani. Sannan abu na ƙarshe." Ya matse hannuna har sai da na ji zafi. "Na san abin da ke ranki. Na ga yadda kike kallonta tun lokacin da kika yi ciwon nono, kina zaton ban lura ba. To ki cire shi. Ke kika ɗauki cikinta kina shan magani kina amai kina sake sha. Babu uwar da ta yi wa 'ya abin da kika yi. Duk wanda ya ce laifinki ne, ko uwata ce, da ni zai yi."

 Direba ya juya baya yana gyara hula. Maman Lauya tana ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta.

"Ka gama?" na ce.

"Na gama."

"Ba ta da shi."

"Na ce miki ba komai, ko da..." Ya tsaya. "Me kika ce?"

"Ba ta da shi, Baban Tarakta. Ta fita. Sista ta sallame ta." Na miƙa masa takardar.

"To ƙofar fa?" in ji Anti Rediyo. "Da kunnena na ji sakata."

"Don kada ta gudu ne."

"Tabarau fa? Ta cire?"

"Ta cire. Don kada ta karya."

Maman Lauya ce ta fara dariya. Matar da ba a cika jin muryarta ba, ta riƙe ciki ta zauna daɓas a benci tana dariya tana hamdala, ta jawo ƙafar Tarakta tana sumbata. Daga nan kowa ya ɗauka. Direba ya ce shi dai ba za a mayar masa da ruwansa ba, sai an sha. Anti Rediyo ta dage cewa karatunta bai yi kuskure ba, yarinyar ce ba ta cikin lissafi, kuma daga yau za a ƙara sharaɗi: in da ɗa mai gudu a hannu, ƙofa ba ta aiki. Sista ta leƙo, tabarau a hanci, ta ce in mun gama taron a ba ta na gaba.

Shi kuwa Maigida bai yi dariya ba. Ya karanta takardar, ya juya bayanta ko akwai wani abu, ya sake karanta gaban. Sannan ya lalubi bakin benci ya zauna a hankali da yarinyar a ƙirjinsa. Ya karɓi ruwan da aka sayo domina ya shanye rabi.

"Kika bar ni ina ta zuba," ya ce.

"Kai ka ce kada in yi magana."

"Tun yaushe kike jin maganata?"

"Tun yau."

Ya girgiza kai. Muryarsa ta yi ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji. "Duk hanya ina tuƙi ina haɗa maganar nan. Sau biyu na kusa faɗawa kwata. Yanzu duk ta tashi a banza ke nan?"

Na zauna kusa da shi, ƙarnin kifi da komai.

"Ba ta tashi a banza ba," na ce. "Ni na ji."

Sai ya cusa fuskarsa a wuyan yarinyar, kafaɗunsa suna rawa, ita kuwa tana ta kici-kicin zare masa filaya daga aljihu.